Jawabin Kwamitin Masallaci a Kan Zaman Iyali da Dokar Ƙasa

 

Yau muna murnar cikar shekarun masallacinmu, amma lalle ne mu tuna ba ginin bulo ne kaɗai amanarmu ba. Gidajen da masallata su ke fitowa su ma amana ne. A cikinsu kuwa akwai inda a ke dukan mata da yara, maƙwabta suna jin kuka, su yi shiru wai don rufin asiri. In matar ta kawo ƙara, sai a ce ta yi haƙuri ta koma ɗakinta. Haƙuri abu ne mai kyau, amma ba a ɗora wa wanda aka zalunta shi a ƙyale azzalumi.

Addininmu bai bar mu cikin duhu ba. Nana A'isha ta ba da labari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa bugun mace ko mai yi masa hidima ba. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta umurci a naɗa masu sulhu daga dangin miji da na mata. Malaman Malikiyya kuma sun ba alƙali ikon raba aure in cuta ta tabbata.

Dokar Gana ma ba ta saɓa wa wannan ba. A 1998 'yan sanda suka buɗe sashe na musamman domin mata da yara, wanda yanzu a ke kira DOVVSU. A 2007 Majalisa ta kafa doka mai lamba 732, wadda ta hana cin zali a cikin gida, watau duka, da tilastawa a shimfiɗa, da razanarwa, da danne dukiya. Wanda aka kama da laifi ana iya cinsa tara, ko ɗauri har shekara 2. Kotu kuma tana iya ba da takardar tsaro, ta hana mutum kusantar wadda ya cuta. Batun ci da sha na 'ya'ya da riƙonsu kuwa, kotun iyali ke dubawa bisa dokar yara ta 1998.

Ku lura, wannan doka ba ta rufe ƙofar sulhu ba, in abin bai yi tsanani ba kuma mai ƙara ta yarda. Saboda haka ga shawararmu. Saɓanin baki, a kawo wa dattawa. In an kai ga rauni ko barazanar kisa, a fara da asibiti da 'yan sanda, kada wani ya ce an tona asirin Zango. Waliyyai kuma su riƙa yin rajistar aure cikin mako guda, kamar yadda dokar auren Musulmi ta 1907 ta nema, domin takardar ita ce shaidar 'yarku a gaban alƙali.

Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan masallaci, amin.