Hular Fim da Sanyin Gene: A Sayi Dila ko A Sayi Zare?

  

Yau zancen hula za mu yi. Na san wani dattijo zai ce, duk abin da ya dami jama'a ba ku gani ba sai hula? A yi mini haƙuri Baffa, a ɗan saurara, don akwai kuɗin mutane a cikin zancen, akwai kuma lafiyar yaranku.

Duk wanda ya yi sammakon kasuwar shanu ta Gene a cikin hunturun nan ya ga abin da na gani. Yara na biye da iyayensu, kowa da hular sanyi, amma ba irin wadda muka sani da ba. Ga ja mai zanen saƙar gizo-gizo da fararen idanu manya. Ga rawaya mai ido ɗaya a goshi kamar fitilar babur. Ga baƙa mai kunnuwa biyu zagayayyu. Ka tambayi uban yaron mene ne wannan, sai ya ce oho, shi dai kuka aka yi masa ya saya. Ka tambayi yaron kuwa, sai ya ba ka labari tiryan-tiryan. Jar nan ta Spider-Man ce, wani jarumin finafinan Amurka da ke hawa bango. Rawayar ta wasu 'yan halittu ce da ake kira Minions, waɗanda suka fara fitowa a wani fim ɗin zane a 2010. Mai kunnuwan kuwa ɓera ne, Mickey Mouse, wanda ya girmi kakanninmu da yawa, don tun 1928 yake. Duk a waya suke ganinsu, a wajen mai cajin waya da tura finafinai.

Kada mu yi wa yaran dariya da yawa, don mu ma manya haka muke. Hular nan Zanna Bukar da alhazai ke karyawa ranar Juma'a, ana danganta sunanta ne da Zanna Bukar Dipcharima, ɗan siyasar Borno da ya yi minista a gwamnatin Tafawa Ɓalewa. An ga babban mutum da ita, kowa ya so irinta. Da aka yi fim ɗin Turkiyya na Ertugrul, wanda ya gudana daga 2014 zuwa 2019, hular mayaƙan cikinsa mai gashi a baki ta zama haja a kasuwannin Turkiyya. Da gidan talabijin ɗin Pakistan ya fara nuna shi da harshen Urdu a azumin 2020, can ma sai kasuwarta ta buɗe. Ido ke gani, zuciya ta so, aljihu ya biya. Wannan ba laifi ba ne, ai da shi kasuwa ke ci.

Inda gizo ke saƙar shi ne, hular fim tana tafiya ne a kan abu biyu masu gajeren rai. Na farko sanyi. Mu nan sanyinmu na gaske bai wuce daga Disamba zuwa Fabrairu ba, kafin Maris ya yi nisa zafin Malanbil ya sauko, wanda ba sai na ba ku labarinsa ba. Na biyu yayi. Yaro ba ya riƙe jarumi ɗaya shekara biyu. Hular da ya yi birgima a ƙasa saboda ita bana, baɗi ko kyauta ka ba shi sai ya ce ta ƙanana ce.

Ni ma abin ya taɓa cin kuɗina, shi ya sa nake magana da ƙarfi. Wata shekara na ga rawayar nan tana tashi, na kwashi ɗan abin da na tara a adashe na aika a sayo mini dozin uku. Kun san yadda hanya ta zama. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, kuma ko da Benin ta buɗe nata ɓangaren a Fabrairun 2024, na Nijar ya ci gaba da zama a rufe, kaya suka koma kwalekwale da zagaye. Kayana suka yi ta kwana a hanya, yau a ce gobe, gobe a ce jibi. Ran da suka iso hannuna, mutane sun fara neman inuwa. Na sayar da bakwai. Sauran suna cikin buhu a ƙarƙashin gado, duk wanda ya buɗe sai idanu ashirin da tara su zuba masa ido.

To bari mu yi lissafi tare, Alhaji, da misali kawai, kowa ya sa farashin garinsu. A ce ka sayi dozin 5, hula 60 ke nan, a kan jaka 30. Kowace ta zo maka a dala 100, wato sefa 500. Kana sayarwa dala 150. Sai ka sayar da 40 cif kafin uwar kuɗinka ta dawo, ba a ma sa kuɗin mota da na kwalekwale da na 'yan dako ba. In sanyi ya ɗauke kana da 25 kacal da suka fita, abin da ya shigo hannunka jaka 18 ne da dala 150. Sama da jaka 11 na jarinka suna kwance a cikin hula 35 da ba mai tayawa. Gishiri ko shinkafa in sun yi kwantai gobe ana nemansu. Hular Minions in ta yi kwantai, sai dai ɓera ya yi ɗaki a ciki.

A nan ne matanmu masu saƙa suka fi dila, kuma shi ne ainihin abin da na kawo muku yau. Yayata tana saƙa da kwarashi. Da ta ga buhun nan nawa ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ɗauko wata hula da ta saƙa da hannunta, ta kunce bakin zaren ta ja. Kafin in gama shan shayi hular ta koma dunƙulen zare. Ta ce da ni, "Ka ga tawa, in yayinta ya wuce zarena yana nan. Taka fa?" Tawa ta inji ce, an yanka an ɗinke, in ka ja sai dai ta tsinke guntu-guntu. Ita kuwa ja da baƙi da fari da rawaya kawai take ajiyewa. Yau yara na son gizo-gizo, ta yi gizo-gizo. Gobe wani sabon jarumi ya fito a waya, a nuna mata hotonsa, kwana biyu ta fitar da shi. Ba ta jiran gada, ba ta jiran duwan.

Saboda haka ɗan kasuwar da ke son wannan harka, shawarata ita ce ka sa mafi yawan kuɗinka a zare, ba a hular da aka gama ba. Zare ba ya tsufa a shago in ka kare shi daga ƙura da laima. Ka nemi mata biyu ko uku a unguwarku, ku yi tsada a kan kowace hula tun kafin a fara, ka ba da kafin alƙalami, ka karɓi goma ka gwada kasuwa. In sun tashi ka ƙara. Kuma don Allah a biya su a kan lokaci. Hula ɗaya mai ado tana iya cin yinin mace guda, tsakanin girki da ɗiban ruwa da raino. Wanda ya karɓi kayan mace ya ce sai ya sayar zai biya, ya mai da ita mai ba shi jari ne ba da saninta ba.

Ku kuma iyayena mata masu kwarashi, ga abin da masu saye ke kuka da shi. Hula ta yi kyau a ido amma ba ta shiga kai, ko ta shiga ta zame. Ku auna kan da tef ɗin tela. Kan jariri sabon haihuwa yana wajen santimita 35, na yaro ɗan shekara biyar wajen 50, na babba tsakanin 55 da 58. Ku rage santimita biyu ko uku a saƙa, don zare yana miƙewa. Dunƙule ɗaya mai giram 50 yakan isa hular ƙaramin yaro, ta babba kuwa sai an kusa biyu. Idanun nan da ake liƙawa da gam ko a ɗinka maɓalli, ku daina yi wa ƙananan yara su. Yaro zai ciro ya sa a baki. Ku saƙa idon da zare ku ɗinke shi da kyau. Ku kuma sani akwai gidajen da ba sa son abu mai fuska da idanu a jikin yaransu. Irin waɗannan sai a yi musu launin kawai, ja da baƙin zane, yaro ya gane jaruminsa, uba kuma bai ɓata rai ba.

Wani abin dariya daga Amurka. A wani fim mai dogon zango da ake kira Firefly, na 2002, akwai wani ƙaton ɗan bindiga da uwarsa ta aiko masa da hular saƙa mai launin lemo da rawaya, da marufin kunne biyu da tuntu a sama. Mummuna ce, amma masu kallo suka ƙaunace ta, mata suka yi shekaru suna saƙawa suna sayarwa ta intanet. A 2013 kamfanin Fox mai fim ɗin ya sa aka aika musu takardar su daina. To ba na jin wani lauya zai biyo ku kasuwar Gene, amma mai niyyar tallata kayanta a Facebook da sunan fim ɗin mutane ta san cewa sunayen nan suna da masu su. Abin da ya fi burge ni a hular ma shi ne marufin kunnen. Yaron da ke fita da shanu da asuba, jaura na kaɗawa, kunne da wuya ne ke fara shan wahala. Hular da ta tsaya a tsakiyar kai tana nuna idanu ba ta yi masa komai ba. Baffa, in za ka saya, ka ja ta ƙasa ka gani ko ta rufe kunne.

Sai maganar wuta, kuma ita ce ta fi damuna. Yawancin zaren da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, na roba ne da ake yi daga man fetur. Ga mu a Alibori, auduga ta cika gonakin Banikwara da Kandi, amma zaren saƙarmu daga ƙetare yake zuwa. Wannan zancen wata rana ne. Abin lura shi ne zaren roba in ya haɗu da wuta narkewa yake ya manne a fata. Yaran ruga kuwa kun san inda suke da sassafe, sun kewaye wuta sun sunkuyar da kai, tuntu da igiyar hula na reto. Gwajin ba wuya. Ku tsinki ɗan zare ku kusanta shi da ashana. In ya yi ƙaurin babbaka, ya bar toka mai murmushewa a yatsa, gashin dabba ne, makiyayi ba ya ɓata wannan ƙaurin. In ya yi ƙaurin takarda ya bar toka mai laushi, auduga ce. In ya narke ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri, roba ce. Ba na ce kada a saya ba, ita ce mai araha kuma tana ɗumi. Amma a gajarta igiyoyin, a rage girman tuntu, in yaro zai zauna jin ɗumi a cire masa.

Na ƙarshe ga samari, musamman 'yan kabu-kabu da masu kora dabbobi zuwa kasuwa. Akwai irin hular gizo-gizon nan da ke rufe fuska gaba ɗaya, ido kaɗai ke waje. Na san tana tare ƙura da sanyi a kan babur. Amma kun san halin tsaron da yankinmu ke ciki, kun san shingayen da ke kan hanyar Kandi da ta Karimama. Jami'in da ya kwana a tsaye, ya hango mutum a kan babur da asuba fuska a rufe, ba Spider-Man zai gani ba. Tun daga nesa ka naɗe ta sama, fuskarka ta fito, ka rage gudu. Masu saƙa kuma in saurayi ya zo neman irin wannan, ku yi masa mai buɗaɗɗiyar fuska daga gira zuwa haɓa.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu shiga kasuwar shanu mu ji yadda farashi yake daga bakin dillalai. Kafin nan, in akwai makarantar allo ko ruga da yaranta ke kwana ba hula, a aiko mana da saƙo nan gidan rediyo. Ina da rawaya 29 a buhu, ban gwada ko suna rufe kunne ba, amma yayata ta ce za ta ƙara musu marufi.