In tsohuwar kwamfuta ta ƙi tashi

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Dogarawa



Yau kwamfuta ta shigo karkara. Tana gidan magajin gari, tana lakkol, tana biron ƙungiyar manoma. Mafi yawansu ƴan gwanjo ne, sun yi aiki Turai ko Amurka kafin su iso mana. Cikin kwamfutar ƙungiya magatakarda ke ajiye sunayenku, da bashin taki, da lissafin buhunan albasar Galmi. Ran da ta ƙi tashi, lissafin jama'a ya tsaya, sai gardama.

Amma ba kowane ƙin tashi ba ne mutuwa. Kafin a ɗauke ta zuwa wurin mai gyara a Ƙonni, ku duba abu biyar, bi da bi.

Na ɗaya, wuta. In kun danna, ba haske, ba ƙarar fanka, ku jona rediyo ko cajar salula wurin da anka jona ta. In su ma ba su kama ba, laifin ba nata ba ne. Ku duba kuma ko igiyar wuta ta shiga sosai bayan akwatin.

Na biyu, ƙarfin wuta. Lantarkin Nijar volt 220 ne, na Amurka 120. Bayan waɗansu tsofaffin akwatuna akwai ɗan maɓalli ja mai lamba biyu: 115 da 230. Wajibi ne shi nuna 230. In shina 115 kunka jona, take ta ƙone. Ku duba shi tun wurin saye.

Na uku, allo. In fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin, ku duba igiyar da ta haɗa allo da akwati. Ku cire, ku mayar, ku ɗaure. Ku zare duk kile da anka manta a jikinta, don shi ma yakan hana ta tashi.

Na huɗu, ƙura. In tana kuka "pip, pip, pip", sau da yawa ƙurar hunturu ce ta shiga. Ku cire ta daga wuta tukuna. Ku taɓa ƙarfen akwatin da hannu. Ciki akwai ɗan falle mai tsawo, ana ce mishi RAM. Ku buɗe maƙalansa biyu, ku zare shi, ku share bakinsa da busasshen ƙyalle, ku mayar har shi ce "ƙas". Ban da ruwa.

Na biyar, batir. In kwanan wata ya koma baya, ko ta tsaya tana neman a danna F1, ɗan batirinta ya mutu. Kamar kwabo yake, an rubuta CR2032 bisansa. A sayi sabo mai wagga lamba, a sa.

Akwai abu biyu da ba naku ba ne. Kada kowa shi kwance ƙaramin akwatin da igiyar wuta ke shiga: shina riƙe wuta ko bayan an cire, tana iya kisa. In kuma kun ji ƙamshin ƙuna, ko ƙara "kat, kat" daga ma'ajiyar rubutu, ku kashe nan da nan. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Nan ne karatunku ke da rana. Ku ƙirga kukan, sau nawa, dogo ko gajere. Ku kwafe abin da allo ya rubuta, baƙi bayan baƙi, ko da Faransanci ne ko Ingilishi. Ku kai wa mai gyara takardar. Ku ce mishi kada shi goge komi sai ya kwashe lissafinku cikin kile, gaban idon mutum biyu na ƙungiya.

Daga yau, kowane ƙarshen wata, magatakarda shi kwafe lissafi cikin kile, kuma kada a yar da littafin takarda. In an kashe ta, a rufe ta da zane. Kwamfuta in ta mutu ana sayen wata. Lissafin jama'a in ya ɓace, ba kasuwar da ake saida shi.

Allah shi ba mu damana mai albarka.