Hukuncin Tsakar Dare a Kotun Ƙolin Amurka

A daren 1 ga Satumba 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi dakatar da dokar jihar Texas mai hana zubar da ciki bayan kimanin mako shida. Alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Babu lauyan da ya tsaya gabansu, kuma dalilin da suka rubuta sakin layi guda ne kacal.

Yanke hukunci cikin gaggawa irin wannan yana da muhallinsa, kamar a shari'ar wanda za a zartar wa hukuncin kisa gobe. Amma ko kana goyon bayan wannan doka ko kana adawa da ita, al'amarin da ya shafi miliyoyin mutane ya cancanci cikakken zama da hujja a fili. Sai 1 ga Nuwamba kotun ta saurari lauyoyi, wata biyu bayan dokar ta fara aiki.