Minti Talatin a Sama: Dokar Wutar Gaggawa a Jiragen Manya, da Rabonmu a Cikinta

 

Mai girma shugaban taro, iyayenmu wakilan masarautu da suka taso daga Shinkafi da Zurmi, malaman sashen lantarki, ɗalibai, 'yan uwa maza da mata, ina gaishe ku da fatan kowa ya zo lafiya.

Na san akwai wanda ya ga kan laccar nan ya yi murmushi. Ƙauran Namoda an san ta da ƙarshen layin dogo tun 1929, ba a san ta da filin jirgin sama ba. Na Gusau ma a 2024 aka ƙaddamar da aikinsa. To me ya haɗa mu da ƙananan jiragen da gwamnoni da attajirai ke hawa? Abin da ya haɗa mu shi ne ɗaukewar wuta. Mu nan mun saba da ita har ta zama abin raha. Su can sama ba ta da raha, shi ya sa suka zauna suka rubuta mata doka dalla-dalla, kuma dokar ta fi dacewa da ɗakin tiyatarmu fiye da yadda muke zato.

Bari mu fara da yadda wuta take a cikin irin wannan jirgi. Kowane inji yana juya janareto nasa. Ƙananan jirage irin Citation da Learjet da Hawker suna aiki da bolt 28, manya irin Challenger da Gulfstream kuwa da bolt 115 mai juyi 400 a daƙiƙa, ba 50 irin na gidajenmu ba. A wutsiyar da yawansu akwai wani ƙaramin inji, APU, mai nasa janareton. Sai batir. Sai kuma, a wasu, wata 'yar farfela da ke ɓoye a jikin jirgi, wadda idan komai ya mutu take faɗowa waje, iskar gudun jirgi ta juya ta, ta ba da wuta. A jirgin Challenger tana kusa da hanci ta gefen dama.

Me wutar take riƙe da shi? Fitila ita ce mafi ƙanƙantar magana. Matuƙin da ya shiga gajimare, ko hazon hunturu irin namu da dare, ba ya ganin ƙasa ba ya ganin sama. Jikinsa zai gaya masa jirgi a miƙe yake alhali ya karkata, don kunnen ciki na ɗan Adam yana ruɗuwa cikin ƙanƙanin lokaci idan ido bai ga iyakar sama da ƙasa ba. Na'ura ɗaya ce ke faɗa masa gaskiya, wadda ke nuna karkatar jirgi. Idan ta mutu a cikin duhu, ƙwarewar shekara talatin ba ta cece shi.

Saboda haka ne Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta shimfiɗa sharaɗi a kan jiragen da nauyinsu ya haura kilo 5,700 da suka fara aiki bayan 1 ga Janairu 1975. Ina roƙon ɗalibai su saurari sharaɗin da kunnen basira, don kowace gaɓa tasa tana da dalili. Dole a sami wutar gaggawa da ba ta da alaƙa da babbar hanyar wutar jirgi. Dole ta riƙe waccan na'ura, da hasken da za a gan ta, aƙalla minti 30. Dole ta kama da kanta da zarar babbar wuta ta ɗauke, ba sai wani ya miƙa hannu ba. Kuma dole wata alama ta nuna wa matuƙi cewa yanzu fa a kan wutar gaggawa yake.

Ku lura dokar ba ta tambayi ko akwai batir ba. Kowa yana da batir. Ta tambayi ta ina wayarsa ta bi. Idan wutar gaggawa ta ratsa ta fiyus ɗaya, ko makunni ɗaya, ko damin waya ɗaya da babbar wuta, to gobarar da ta cinye wannan ita za ta cinye waccan. Injiniyoyin jirgi sukan ɓata watanni suna neman irin wannan mahaɗa da ke iya kashe komai lokaci guda, kuma a ganina wannan shi ne mafi wuya a aikin baki ɗaya.

Minti talatin ɗin nan ma ba cikakke ba ne. Dokar Amurka ta ƙananan jirage ta fito fili ta ce a cikinsa ake cire lokacin da matuƙi zai ɗauka kafin ya gane abin da ya faru, ya kashe kayan da ba dole ba. Daga baya suka ga jirgin da ke can ƙololuwa yana cinye yawancin lokacin a saukowa kawai, sai suka mayar da shi minti 60 ga wanda ke haura ƙafa 25,000. Ku ɗauki jirgin da ya taso daga Abuja da dare, wuta ta ɗauke masa yana saman Zurmi a tsakiyar Disamba, ƙura ta rufe ko'ina. Zaɓinsa Katsina a gabas ko Sakkwato a yamma. Cikin wannan ɗan lokaci zai buɗe littafin gaggawa, ya gwada tayar da janareto, ya yi magana da hasumiya, ya sauko, ya nemo titi. Idan bai dace da saukar farko ba, zagayowa ta biyu ma daga batirin nan za a ciro ta.

Shi ya sa abu na farko da jirage da yawa ke yi, tun kafin matuƙi ya motsa, shi ne yanke wuta daga abin da ba dole ba. Murhun ɗumama abinci, talabijin, fitilun ado, soket ɗin cajin wayar mai gida, duk sukan mutu nan take. Mai jirgi yana iya zama gwamna, amma layin wutarsa ne ake fara yankewa, kuma tun a masana'anta aka tsara haka, ba a bar wa kowa damar jin nauyinsa ba. Batirin gaggawa kamar irin shuka yake a rumbu: ko yunwa ta yi tsanani a bazara, manomi mai hankali ba ya kai shi turmi.

Dokar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, don jiragen ma ba su tsaya ba. Tsohuwar ƙa'idar Amurka ta manyan jirage ta ce jirgi ya iya tafiya minti 5 ba tare da babbar wuta ba, a sararin da ido ke gani. An rubuta ta ne lokacin da igiyar ƙarfe ke haɗa hannun matuƙi da fikafikai, ko wuta ta mutu jirgi yana jin linzami. A 2007 Falcon 7X na Faransa ya fito, jirgin attajirai na farko da kwamfuta ke ɗaukar umarnin matuƙi ta waya ta kai wa fikafikai. Gulfstream G650 ya biyo baya a 2012. A irin waɗannan, mutuwar wuta mutuwar linzami ce. Sai hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta riƙa kafa wa kowane sabon samfuri sharuɗɗa na musamman: a nuna zai ci gaba da tafiya, ya gwada sake tayar da inji, ya sauka lafiya, duk babu babbar wuta.

Farfelar nan mai faɗowa waje ta nuna amfaninta. Ranar 24 ga Agusta 2001 man wani jirgin Air Transat ya tsiyaye a tsakiyar tekun Atlantika, injuna biyu suka mutu, da ita matuƙa suka riƙe jirgi har tsibiran Azores, mutum 306 suka tsira. Amma kada a ɗora mata abin da ba nata ba. A hatsarin Air India na 12 ga Yuni 2025 a Ahmedabad ta faɗo kamar yadda aka tsara, sai dai jirgin bai yi nisa da ƙasa ba, ita kuwa wuta take bayarwa, ba ta tura jirgi. Hatsarin Jeju Air a Koriya ta Kudu, 29 ga Disamba 2024, ya nuna wani gefen: na'urorin naɗar bayanai sun daina aiki kimanin minti 4 kafin jirgin ya daki bango, wato daidai mintocin da masu bincike suka fi buƙata. Sababbin jirage ana tilasta musu batir na daban mai riƙe na'urar naɗar murya minti 10, wancan jirgi kuwa an ƙera shi kafin sharaɗin.

Shi kansa batirin yana iya zama masifar. A 2011 batirin litiyam ya kama wuta a wani Cessna CJ4 yana ƙasa, FAA ta ba da umarnin gaggawa a cire irinsa a mayar da tsohon samfuri. A Janairun 2013 aka dakatar da duk jiragen Boeing 787 a duniya kan matsalar batir. Masu cika shagunanmu da batiran litiyam da ba a san asalinsu ba, ana jera su a ɗakin kwano mai zafi, su riƙe wannan.

A Najeriya hukumar NCAA ke riƙe da wannan aiki, kuma ƙa'idojinta na 2023 sun bi sawun na ICAO. A takarda ba mu da giɓi. Inda nake da damuwa shi ne tsakanin takarda da jirgi. Batir ba ya nuna tsufansa a fuska. Yana iya tayar da inji da safe lafiya lau, a ɗora masa kaya ya faɗi cikin minti goma sha biyu. Hanya ɗaya ce ta sani: a ciro shi a kai ɗakin gwaji, a cika shi, a zuƙe shi da ma'auni ana duba agogo. Idan bai kai kashi 80 ko 85 cikin ɗari na ƙarfinsa ba, gwargwadon abin da masana'anta ta ce, ya gama aiki. Zafi kuma yana cin sa. Masu aikin batirin dalma sun san cewa ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa kusan biyu, ku kuwa kun san abin da Afrilu ke yi a Sakkwato. Gwajin yana cin kuɗi, yana zaunar da jirgi. Mai jirgin da ya yi rajista a matsayin na kansa, sannan yake ba da haya a ɓoye, ya kauce wa binciken da ake yi wa jiragen haya, kuma a 2024 NCAA ta dakatar da izinin wasu daga cikin masu irin waɗannan jirage. Kwalejin Koyon Aikin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana yaye injiniyoyin da ke sa hannu a littafin gyara. Ranar da mai gida ke sauri, sa hannun wannan injiniya ne kaɗai ke tsakanin fasinja da mataccen batir.

Yanzu mu sauko gida. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta. Kowa ya koma kan janareto da sola. A asibitocin Shinkafi da Zurmi, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana kula da yara masu tamowa da zazzaɓi, yaron da ke kan injin iskar oksijin bai bambanta da matuƙin da ke cikin hazo ba: mintoci ne tsakaninsa da halaka.

Na taɓa duba wata ƙaramar cibiyar lafiya da aka sa wa sola mai kyau. Na bi wayar da ta fito daga inbata, sai na tarar layi ɗaya ne ya ɗauki ɗakin haihuwa, da firjin ruwan sanyi, da fankar ofis, da wani dogon soket a bakin ƙofa da wayoyin unguwa suka yi layi a kai. Babu wanda ya yi mugun nufi. Amma mu yi lissafi tare. Batir mai amfiya 200 a bolt 12 yana ɗauke da wat 2,400 na awa guda, kuma rabi kawai ake zuƙa idan ana son ya yi kwana. Injin oksijin yana cin kimanin wat 350, wato kusan awa uku da rabi. Ɗora masa firji da fanka da caji masu cin wani 350, lokacin yaron ya koma kimanin awa ɗaya da minti arba'in. Da tsakar dare inbata zai yi kuka ya mutu, a haska tocilar waya, a tafi neman mai gadin da ke riƙe da makullin ɗakin janareto. A Amurka ƙa'idar asibiti ita ce wutar gaggawa ta dawo cikin daƙiƙa 10, a kuma gwada janareto da kaya a kansa minti 30 duk wata. Ba sai mun sayi kayansu ba kafin mu ɗauki tsarinsu.

Ga roƙona. Malamai na wannan kwaleji ta Ƙaura, wadda ke yaye masu fasaha tun 1983, ku mayar da wannan aikin kammala karatu. Ku tura ɗalibai rukuni-rukuni zuwa cibiyoyin lafiya na ƙananan hukumomin nan uku, Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, inda hanya ta ba da dama. Su raba layin gaggawa daban da batirinsa daban, ya ɗauki ɗakin tiyata da ɗakin haihuwa da injin oksijin da firjin rigakafi, ban da komai. Su sa masa jan soket, su sa makunni mai canja layi da kansa. Su auna minti nawa yake riƙewa da kaya a kansa, su rubuta adadin da kwanan wata a jikin bango, su bar littafin da za a riƙa sa hannu duk wata. Shugabannin ƙananan hukumomi, kuɗin wannan aiki bai kai na taron buɗe asibiti ba, ku sa shi a kasafin bana. Iyayenmu sarakuna, idan kun kai ziyara asibiti, ku nemi a nuna muku littafin.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu.