Farkawar Zuciya da Sanin Nafsi: Tarbiyyar Sufaye da Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya girmama shi, Ya sanya zuciyarsa ma'ajiyar saninSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah Ya ƙara yarda ga Maulanmu Shehu Ahmadu Tijjani da Sahibul Faila Shehu Ibrahim Inyass.

 

GABATARWA

Wannan jawabi zai tsaya ne a kan tambayoyi uku: Mene ne Allah Ya ajiye a cikin ɗan Adam? Ta wace hanya ake fito da shi? Kuma da wace alama ake gane ya fito? Dalilin ɗauko su kuwa shi ne, matasa a yau suna neman natsuwar rai ruwa a jallo, wasu a zawiyya, wasu a wayar hannu, wasu kuma a kwalbar maye. Wanda bai san abin da yake nema ba, duk abin da aka miƙa masa sai ya karɓa.

AJIYAR DA KE CIKIN ƊAN ADAM

Mutanen Birnin Kudu sun san Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda mutanen da suka bar zane-zanen shanu a jikin dutse. A shekarar 1955 Baturen nan mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya ba da bayanin wasu duwatsu a wurin waɗanda idan aka buga su sai su yi amo kamar ƙararrawa. Mai wucewa zai ɗauka dutse ne kurma kamar kowane dutse, alhali amon yana cikinsa tun ranar da aka halicce shi, jira kawai yake a sami wanda ya san inda ake bugawa. Haka zuciyar ɗan Adam take. An halicce ta a kan fiɗira, da shirin sanin Mahaliccinta, sai dai gafala ta lulluɓe ta.

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 bayan Hijira (1111), ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan abubuwan mamaki na zuciya. A nan ya rarrabe kalmomi huɗu: ƙalbu, ruhu, nafsu da aƙalu. Ya nuna cewa zuciyar da ake nufi ba tsokar nan ta cikin ƙirji ba ce kaɗai, wata laɗifa ce ta Ubangiji wadda ita ce take sani, ita ake yi wa magana, kuma ita za a yi wa hisabi. Ya kwatanta ta da sarki, hankali wazirinsa, sha'awa da fushi kuwa barori ne masu amfani matuƙar suna ƙarƙashin umarni. Ranar da bara ya hau karaga, gari ya ɓaci.

Alƙur'ani mai girma ya ambaci nafsi da siffofi uku: mai yawan umarni da mummuna a Suratu Yusuf, mai yawan zargin kanta a Suratul Ƙiyama, da natsattsiya a Suratul Fajri. Malaman tasawwufi sun faɗaɗa matakan zuwa bakwai: ammara, lawwama, mulhama, muɗma'inna, raliya, marliyya da kamila. Abin lura shi ne, nafsi ɗaya ce take hawa waɗannan matakai. Wadda ta tura manomi ya ci iyakar gonar maƙwabcinsa, ita ce dai idan ta sami tarbiyya za ta hana shi barci har sai ya mayar.

HANYAR FITO DA ITA

Shehu Ahmadu Tijjani (RTA), wanda aka haifa a Ainu Madi a 1737, ya yi wafati a Fas a 1815, ya ɗora muridi a kan aiki ƙayyadajje: lazimi safe da yamma, istigfari 100, salati 100, hailala 100, sannan wazifa cikin jama'a, da zikirin Juma'a bayan La'asar. A jerin nan akwai hikima. Istigfari wanka ne, salati ado ne da kusanta ga Ma'aiki (SAW), hailala kuwa kore duk wani abin dogaro ne daga zuciya in ba Allah ba. Ba a shafa turare kafin wanka.

Da Faila ta bayyana a Kaulaha a 1929 ta hannun Shehu Ibrahim Inyass (RTA), sai tarbiyya ta zama ƙofa buɗaɗɗiya ga malami da manomi, namiji da mace. Haɗuwarsa da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajjin 1937 ita ta buɗe wa Faila hanya zuwa Kano, daga nan ta bazu cikin gundumomin ƙasar Kano, wadda Birnin Kudu da Gwaram suke cikinta kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991.

A wata risala tasa, Shehu Ibrahim ya bi tsarin Hadisin Jibrilu, ya kasa tafiyar muridi zuwa maƙamai uku, kowanne da masauki uku. A maƙamin Musulunci akwai tuba da istiƙama da taƙawa. A maƙamin Imani akwai gaskiya da ihlasi da natsuwa. A maƙamin Ihsani akwai muraƙaba da mushahada da ma'arifa. Ma'arifa ce ta tara, tuba ce ta farko. Wanda bai biya bashin da ya ci a kasuwar Sara ba alhali yana da hali, bai gama da masauki na farko ba, ko da kuwa bakinsa ya iya zancen na tara.

ABIN DA MASANA HALAYYAR ƊAN ADAM SUKA HANGO

Binciken nafsi ba baƙo ba ne a Musulunci. Harisul Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 243 bayan Hijira (857), ya sami laƙabinsa ne saboda yawan yi wa kansa hisabi, kuma a littafinsa Arri'aya ya bi diddigin riya da jiji da kai da hassada tun daga inda suke tsirowa. Bayansa Abu Zaidil Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtuka masu magani. Ya shawarci mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar larura. Farfesa Malik Badri na Sudan, wanda ya rasu a 2021, shi ya fassara sashen nafsi na wannan littafi zuwa Turanci a 2013.

A Amurka kuwa, William James ya wallafa littafi a 1902 a kan abin da masu ibada suke ɗanɗana a zukatansu, har ya kawo dogon bayani daga labarin da Imam Gazali ya bayar game da kansa. A 1943 Abraham Maslow ya jera buƙatun ɗan Adam hawa-hawa: ci da sha, aminci, ƙauna, mutunci, sannan cikar baiwar da ke cikinsa. Amma kafin rasuwarsa a 1970 ya ga cewa wannan bai isa ba, akwai wani hawa a sama, inda mutum yake wuce kansa ya ba da ransa ga abin da ya fi shi girma. Wannan shaida ce mai amfani. Sai dai su sun isa bakin ƙofa ne ta hanyar lura da gwaji, ba su da wahayin da zai gaya musu Wane ne a bayan ƙofar. Sufi yana amfana da iliminsu wajen gane cuta, amma alƙiblarsa tana wurin Annabi (SAW).

ABUBUWA UKU DA AKE RUƊEWA DA SU

Na farko, maye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna a rahoton 2018 cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suna ta'ammali da ƙwaya, kuma a wannan shekarar gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Saurayin da ya sha ƙwaya ƙishirwarsa ta gaskiya ce, rijiyar da ya je ce gurɓatacciya. Maye yana rufe hankali, zikiri yana haskaka shi. Haƙƙi ne a kan kowace zawiyya ta jawo irin waɗannan yara a jiki, domin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Na biyu, ciwo. Balkhi ya bambanta baƙin cikin da aka san sababinsa, kamar rashin ɗa ko asarar dukiya, da wanda yake faɗo wa mutum ba dalili, wanda asalinsa daga jiki yake kuma yana buƙatar magani. Idan muridi ya daina barci kwanaki, yana jin muryoyi, ya bar wanka da sana'a, ko matar da ta haihu ta shiga kuka da ƙin jaririnta, kada a yi gaggawar cewa jazabu ne ko aljanu. A yi addu'a, a kuma kai shi ga likita. Cibiyar Lafiya ta Tarayya tana nan Birnin Kudu. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma kare mutuncin irin waɗannan marasa lafiya. Ɗaure mara lafiya da mari zalunci ne. Neman magani umarnin Ma'aiki ne (SAW), ba ya rushe tawakkali. Muƙaddami nagari shi ne wanda ya san iyakar aikinsa.

Na uku, da'awa. Ana samun wanda zai yi 'yan kwanaki a tarbiyya, ya fito yana sakin maganganu a kan Zati a bainar jama'a, yana wasa da salla, yana raina malamai. Shehu Tijjani ya yi umarni a auna duk abin da aka jingina masa da ma'aunin shari'a, wanda ya dace a ɗauka, wanda ya saɓa a bar shi. Idan maganar Shehu da kansa sai an auna ta, ina ga maganar almajiri? Gangar da ta cika zaƙi tana gab da fashewa.

ALAMAR FARKAWA

Ba a gane farkawar zuciya da yawan mafarki ko ƙarfin murya a halƙa. Ana gane ta a wuraren da ba mai yabo: a mudun ɗan kasuwa, a lokacin da makiyayi ya iso bakin gonar da ba a girbe ba, a yadda miji yake magana da iyalinsa idan ransa ya ɓaci, a rabon gado, a teburin ma'aikaci ranar da ba mai duba shi. Muraƙaba ita ce bawa ya zauna da sanin cewa Allah Yana ganinsa, kuma amfaninta na farko shi ne ɗan jinkirin nan da yake shiga tsakanin fushi da ɗaga hannu. Malaman ɗariƙa sun daɗe da tabbatar da cewa istiƙama ta fi karama.

Don haka ana kira ga kowane muridi ya riƙi abu huɗu. Ya kiyaye salla a kan lokaci cikin jam'i. Ya yi laziminsa da halartowar zuciya, ba da gaggawar mai biyan haraji ba. Ya ware ɗan lokaci kafin barci ya tambayi kansa wa ya cuta yau, wa ya kamata ya nemi afuwarsa gobe. Sannan ya nemi ilimin Ahalari da Ishmawi da Risala tare da wuridinsa, domin fitila ba ta ci ba mai.

KAMMALAWA

Baiwar da Allah Ya ajiye a cikin ɗan Adam ita ce iya saninSa. Hanyar fito da ita tuba ce da zikiri a hannun shehi masani, cikin shingen shari'a. Alamarta kuwa kyawun hali ne wanda maƙwabci zai shaida. Duk wanda ya koma gida daga wannan taro, iyalinsa da abokan sana'arsa su ne za su fara sanin ko ya amfana.

Allah Ya farkar da zukata daga gafala, Ya shiryi matasa, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya jiƙan shehunnai da iyayen da suka rigaya, Ya zaunar da Jihar Jigawa da Nijeriya lafiya, Ya maimaita wannan taro cikin alheri, albarkar Annabi Muhammadu (SAW). Amin.