Jawabi Kan Canjin Ɗan Haya a Ɗakin Haɗaka



Tun da aka kafa wannan jami'a ta Ahmadu Bello a 1962 yawan ɗalibai yake ta ƙaruwa, har ɗakunan kwana na cikin makaranta suka kasa ɗaukarmu. Saboda haka da yawa daga cikinmu muka kama haya a Samaru, mutum uku ko huɗu a ɗaki ɗaya, mu haɗa kuɗin shekara mu biya gaba ɗaya. Wannan zama yana da daɗi har ranar da ɗayanmu zai tashi, ko don an kira shi bautar ƙasa, ko don ya sami gado a cikin makaranta.

Abin da muka saba yi shi ne, mai tashi ya samo wani, ya karɓi kuɗin sauran watanninsa, ya miƙa masa makulli, mai gida bai sani ba. To, a nan ɓarnar take. A gaban shari'a, wanda sunansa yake cikin takardar yarjejeniya shi ne ɗan haya. Idan sabon shiga ya karya ƙofa ko ya ƙi biyan kuɗin wuta, wanda ya tafi da waɗanda suka rage su za a nema. Shi kuma sabon ba shi da rasit da sunansa, mai gida yana iya cewa bai san da zamansa ba. Bugu da ƙari, takardun haya da yawa sun hana ɗan haya ya sa wani a madadinsa sai da yardar mai gida, saɓa wa wannan kuwa yana iya jawo a nemi kowa ya tashi.

Mu tuna da yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Muna gida wata 8, amma kwanakin haya ba su tsaya ba. A irin wannan lokaci ne canjin da aka yi da fatar baki yake zama rigima.

Shawararmu guda huɗu ce. Da farko, abokan ɗaki su yarda da mai shigowa, domin su za su zauna da shi. Na biyu, a je gaban mai gida ko wakilinsa, a cire sunan mai tashi, a rubuta na sabo, kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu. Na uku, a duba ɗakin tare, a lissafa bashin wuta da ruwa har zuwa ranar tashi. Na huɗu, a rubuta wanda zai karɓi kuɗin ajiyar da aka ba mai gida saboda ɓarna.

Kada kunya ta hana mu, wai don abokanmu ne. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Takarda ɗaya tana iya tsare zumuncin shekara huɗu.

Allah ya ba mu sa'ar karatu, ya sa mu rabu lafiya.