HULAR KWANO, TARA DA KOTU: ABIN DA YA KAMATA MAI MOTO YA SANI A DAMARGU

(Jawabin da aka gabatar gaban ƴan kasuwa, ƴan kabu-kabu da ma'aikatan gwamnati a garin Tanut. Mun buga shi ɗungurungum domin amfanin masu karatunmu.)

 

An nemi in yi magana a kan tambaya guda, wadda ake yawan yi a tasha da bakin kasuwa: idan jami'in tsaro ya tare mutum a kan moto, ya ci shi tara saboda hular kwano, wato kaske, shin yana da ikon ya ƙi amincewa, ya nemi alƙali ya raba su? Amsar ita ce yana da iko. Sai dai kafin mutum ya ɗaura niyyar zuwa kotu, wajibi ne ya san abin da kotu za ta saurara da abin da ba za ta saurara ba, domin wanda ya rikita waɗannan biyu zai yi asarar kuɗinsa da yininsa, ya dawo yana zagin shari'a alhali kuwa shi ne ya ɓata hanya.

Ba sai na faɗa muku matsayin moto a ƙasar Damargu ba. Aikin da jaki da raƙumi suke yi wa kakanninmu, yau ita take yi mana. Ita ke kai ɗan tireda kasuwar Bakin Birji, ita ke kai malamin makaranta ƙauyukan Gangara da Ollelewa, ita ke ɗauko mai naƙuda daga rugagen Tarka zuwa Balbeji. Wanda aka riƙe wa moto ranar kasuwa, an riƙe masa abincin mako guda. Saboda haka maganar tara magana ce ta tukunyar gida, kuma kamar yadda za ku gani, magana ce ta mutuncin ɗan ƙasa gaban hukuma.

ABIN DA KOTU BA ZA TA SAURARA BA

Dokar hanya ta ƙasarmu, wadda aka sabunta a shekarar 2014, ta wajabta sa hular kwano. Aikin alƙali shi ne ya zartar da doka kamar yadda take a rubuce. Idan ka tsaya gabansa ka ce kanka naka ne, ko ka ce zafin Damargu ya fi ƙarfin hula, ko ka ce ta yi tsada, to ka amsa laifinka da bakinka ke nan, sauran bayani neman sassauci ne kawai.

An gwada wannan hanya a ƙasashen da suka fi mu yawan lauyoyi. A Amurka, masu moto sun yi ta shigar da ƙara suna cewa gwamnati ba ta da hurumin kare mutum daga kansa. A 1972 wata kotun tarayya a jihar Masacusets ta yi watsi da wannan hujja, kotun ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin. Dalilin da alƙalan suka bayar shi ne, wanda ya faɗi ya fasa kai jama'a ce ke ɗauke shi daga kan titi, ita ke jinyarsa, ita ke ɗaukar nauyin iyalinsa in ya nakasa, don haka ba zai ce abin ya tsaya a kansa shi kaɗai ba.

Na san akwai masu cewa: to rawani fa? Tambaya ce mai nauyi a ƙasar da dattijo ba ya fita kai ba naɗi. A Ingila an wajabta hular a 1973, mabiya addinin Sik masu rawani suka ƙi, aka yi ta cin su tara, har aka ɗaure wani daga cikinsu. Ba su sami biyan buƙata ba sai a 1976, lokacin da majalisar dokoki ta yi musu doka ta musamman. Darasin a fili yake: mai son a sauya doka, wurin masu yin doka zai nufa, da ƙungiya da takarda da hujja.

Wasu kuma sun gwada wasa, wasu sun gwada tarzoma. A Janairun 2009, da aka fara tilasta hular a Najeriya, an ga ƴan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya da tukunya a ka, duniya ta yi dariya, amma ƙwarya ba ta taɓa hana ƙoƙon kai fashewa ba. A Wagadugu an yi bore a Satumban 2006. A Njamaina, a Maris na 2015, ɗalibai sun fito saboda hular ta yi tsada bayan an wajabta ta, aka rasa rai, aka rufe makarantu. Abin lura a nan shi ne, ƴan sandan da aka ɗauki hotonsu suna azabtar da ɗaliban da aka kama, kotu ce daga baya ta hukunta su. Wato kotu ba ta soke hula ba, amma ta hukunta zalunci. Wannan shi ne iyakar aikinta, kuma ba ƙaramin aiki ba ne.

Kafin in wuce, bari in faɗi gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Binciken likitoci da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 40 cikin 100, tana rage raunin kai da kimanin kashi 70 cikin 100. Daga nan zuwa babban asibitin Damagaram tafiyar kusan kilomita 150 ce a kan hanyar Agadas. Wanda jini ke zuba cikin ƙwaƙwalwarsa, wannan tafiya ta yi masa nisa. Ƙafa in ta karye akwai maɗori, kai kuwa ba shi da maɗori. Saboda haka ban zo nan in koya wa kowa dabarar yawo kai tsirara ba.

ABIN DA KOTU ZA TA SAURARA

Shari'ar laifuka a ƙasarmu ta kasa laifi kashi uku: ƙarami, matsakaici da babba. Rashin sa hula yana cikin ƙananan laifuka, waɗanda ake warwarewa da tara. Idan an tare ka, hanya biyu ce doka ta sani. Ta farko, ka amince ka yi laifi, ka biya abin da doka ta yanka, a ba ka resi mai lamba da hatimi, maganar ta mutu, kuɗin kuma su shiga asusun hukuma. Ta biyu, ka ce ba ka amince ba, jami'i ya rubuta takardar laifi, wadda ake kira PV, a miƙa ta wurin shari'a, a kira ka ka kare kanka. Ku lura da kyau: wanda ya biya ya amsa laifi, da wuya ya dawo daga baya ya yi musu. Don haka tun a bakin hanya ake yanke shawara.

A gaban alƙali, ana ɗaukar takardar jami'i a matsayin gaskiya har sai an kawo hujjar da ta rushe ta, ko dai a rubuce ko ta bakin shaidu. Rantsuwar mai moto ita kaɗai ba ta isa ba. To, waɗanne abubuwa ne ake iya musu a kansu? Na ɗaya, aukuwar laifin kanta: kana sanye da hular, ko kuma moton a tsaye take a ƙofar shagonka, ko tura ta kake yi saboda ta mutu. Na biyu, ingancin takardar: wane ne ya rubuta ta, yana da hurumin yin haka, ya ga abin da idonsa, ya sa rana da wuri da lambar moto daidai? Na uku, yawan kuɗin: ya dace da abin da doka ta ƙayyade, ko an ƙara gishiri? Na huɗu, riƙe moto: in an kai ta furiyar, an ba ka takardar da ta nuna inda take da ranar da aka karɓe ta?

Saboda haka ga abin da nake ba ku shawara. In an tsayar da kai, ka tsaya, ka kashe inji, ka yi sallama. Kada ka yi zagi, kada ka ɗaga hannu, kada ka gudu, domin cin mutuncin jami'i a bakin aikinsa da yi masa turjiya laifuka ne da suka fi rashin hula nauyi nesa ba kusa ba, suna iya kai mutum gidan kaso. Ka riƙe rana da lokaci da wuri, ka nemi mutum biyu da suka ga abin, ka san inda za ka same su. Kada ka sa hannu ko ka dangwala a kan takardar da ba a karanta maka ba. Ka ajiye kowace takarda. In sammaci ya zo, ka je da kanka a ranar da aka sa, domin ana iya yanke hukunci a bayan idon wanda bai zo ba. A irin wannan ƙaramin laifi ba dole ne sai da lauya ba, kuma wanda ba ya jin Faransanci yana da haƙƙin a sa masa tafinta. Marar hali yana iya tambayar hukumar ANAJJ, wadda aka kafa a 2011 domin taimakon shari'a. In hukunci bai gamsar da kai ba, ka tambayi magatakardan kotu nan take ko akwai damar ɗaukaka ƙara, domin wa'adinta kwanaki ne ƙalilan.

Sannan ku yi lissafi irin na ƴan kasuwa. Wanda ya faɗi a shari'a zai biya tara, ya biya kuɗin kotu, ga kuɗin mai da yinin da ya rasa. In ka san kanka tsirara yake lokacin da aka tare ka, biya ka karɓi resi, ka wuce kasuwa ka sayi hula.

HANYA TA UKU

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna. Akwai hanya ta uku wadda ba ta cikin kowane littafin doka, amma kowa a nan ya san ta: a koma gefe, a yi ƙus-ƙus, jika guda ta sauya aljihu, ba resi ba takarda, kowa ya kama gabansa. Mai moto yana murna ya yi arha. Ina arhar take? Bai sayi hula ba, gobe ma za a tare shi. Asusun hukuma bai ga ko dala ba. Shi kuma ya koya wa mai karɓa cewa wannan hanya gona ce. Bugu da ƙari, dokar hukunta laifuka ta kama mai karɓa, ta kuma kama mai bayarwa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba na cewa duk mai kaki haka yake. Akwai masu tsayawa cikin rana suna aikinsu tsakani da Allah, kuma su ne wannan ɗabi'a ta fi cuta, domin ta shafa musu baƙin jinin da ba su jawo ba.

Dattawanmu suna ba da labarin zamanin Nasara, lokacin da kwamanda yake cin talaka tara ko ya tsare shi ba tare da alƙali ya ji ta bakinsa ba. An soke wannan tsari a 1946. A 1991 wakilan ƙasar nan suka zauna a Yamai, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, suka ce doka ce za ta yi mulki. Gwamnatoci sun zo sun wuce, an yi kundin tsarin mulki an jingine, amma Nijar tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam ta 1981, wadda ta ce kowa yana da haƙƙin a saurari ƙararsa. Duk ranar da ɗayanmu ya biya kuɗi a bayan bishiya ba resi, ya mayar da kansa zamanin kwamanda da hannunsa. Duk ranar da ya ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, a ba ni resi ko a rubuta mini takarda," ya yi wa ƙasa aikin da ya fi dogon jawabi irin nawa.

KIRA GA HUKUMA DA JAMA'A

Talaka ba zai iya wannan shi kaɗai ba, don haka ina da roƙo ga mahukunta. A rubuta farashin kowace tara ɓaro-ɓaro, a manna a tasha da kasuwa da ƙofar ma'aikatu, a kuma karanta a rediyo da Hausa da Tamashek da Fulatanci da Barbarci. Tun da a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, babu dalilin da zai sa dokar da ake cin mutum tara da ita ta zauna cikin harshen da ba ya ji. Balbeji ta zama gunduma mai zaman kanta tun 2011, amma har yanzu mutumin ruga yini yake yi kafin ya isa gaban hukuma. A riƙa kai zaman kotu manyan kasuwanni lokaci-lokaci, domin shari'ar da ta yi nisa masu hali kaɗai take yi wa aiki. A sassauta kuɗin kwastan a kan hula mai inganci, a hana shigo da ta roba wadda take fashewa kamar ƙwai.

Ku ƴan kasuwa masu sayar da moto, ku haɗa ta da hula a ciniki guda. Ku shugabannin kabu-kabu, ku buɗe littafi, ku riƙa rubuta kowane kamu da lambar resinsa. Ƙorafin mutum ɗaya ana iya share shi, amma littafin ƙungiya ba a share shi. Ku ma'aikata, da masu kaki da masu farar hula, ku fara da kanku. Ba ya kyautuwa wanda ya san doka ya wuce shinge kai tsirara a ɗaga masa hannu, a tare manomin da ke bayansa. Doka in ta zaɓi wanda za ta kama, ta zubar da girmanta.

Jama'a, abin da na zo da shi bai wuce uku ba: ku sa hula domin iyalanku, ku nemi resi domin ƙasarku, in kuma an zalunce ku kuna da shaidu, ku je gaban alƙali ba tare da tsoro ba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare mu daga zalunci da kuma yin zalunci, Ya ba mu damina mai albarka.